Sabis Ya Cika, Kuɗi Sun Ƙi Tafiya: Lacca Kan Yadda Ake Raba wa Na'urori Aiki

 

Mutumin Zamfara ya san rashin sabis iri biyu, ko da yake suna ɗaya yake kiran su. Na farko shi ne wanda ya fara ranar 3 ga Satumba 2021, da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe ƙarafunan sabis a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Waya ta koma tocila da rediyo, mai son jin muryar ɗansa da ke Legas sai ya hau mota ya ƙetare iyakar jiha.

Na biyun ya fi rikitarwa, kuma shi ne dalilin wannan lacca. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, har gwamnatocin Zamfara da Kaduna da Kogi suka garzaya Kotun Ƙoli. A waɗannan makonni ƙarafunan sabis suna kunne, waya tana nuna sabis ya cika, ana kallon bidiyo a WhatsApp ba gargada. Amma mai sayen buhun masara a kasuwar Tsafe ya danna transfa, abin ya yi ta juyawa. Wani an cire masa kuɗi, mai kaya bai ga alat ba, aka tsaya ana rantse-rantse har rana ta faɗi. Kowa ya ce netwok ne. Alhali sau da yawa saƙon ya tashi lafiya, ya isa inda aka aike shi, can ne ya tarar da layi.

Inda yake isa ɗin ita ce sabar. Kwamfuta ce da ba ta da wani aiki sai amsa buƙatun wasu: wannan yana tambayar nawa ya rage a asusunsa, wancan yana neman sakamakon jarrabawa, ita kuma tana dubawa tana ba da amsa. Sabar yanar gizo ta farko a duniya kwamfuta ɗaya ce a ofishin Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeniba, a 1990, kuma sai da aka manna mata takarda cewa kada kowa ya kashe ta. Masu neman ta a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Yau sabar banki ɗaya a Najeriya tana iya samun buƙatun da suka fi haka yawa cikin ƙiftawar ido.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai POS ya sani, don zai rage masa zagin da yake sha. Tushensa aikin wani ɗan ƙasar Denmak ne, Agner Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na birnin Kofenhagen, wanda ya fara buga bincikensa kan cunkoson kiran waya a 1909. A mafi sauƙin lissafin jerin gwano da ya biyo bayan aikinsa, idan sabar tana aiki da rabin ƙarfinta, buƙata kan ɗauki ninki 2 na lokacin da za ta ɗauka in babu kowa. Idan aiki ya kai kashi 90 cikin 100, ninki 10 ne. Idan ya kai kashi 99, ninki 100. Wato lalacewar ba a hankali take zuwa ba. Sabar da jiya take amsawa cikin daƙiƙa guda, yau ƙarin mutane kaɗan ya isa ya durƙusar da ita. Sannan jama'a su ƙara mata da nasu: wanda ya ga abin yana juyawa sai ya sake dannawa, ya sake, ya sake, kowace dannawa kuma sabon mutum ce a layi. Mutum 1,000 masu gaggawa sukan zama 5,000 a idon na'ura.

To, mai sabar da jama'a suka yi wa yawa, me zai yi?

A ɗauki mai injin niƙa ranar jajibirin salla. Kwanuka sun jeru har bakin hanya. Hanya biyu gare shi: ko ya sayo injin da ya fi nasa ƙarfi, ko ya jera ƙananan injuna huɗu ya sa yaro a ƙofa yana cewa ke nan, kai can. Hanyar farko ba ta da ciwon kai, don tsarin aiki bai sauya ba, sai dai akwai girman da inji ba ya wucewa, kuma ranar da belinsa ya tsinke gari ya kwana da tsaba. Hanya ta biyu ba ta da iyaka a ido, in ɗaya ya tsaya uku suna aiki. Amma akwai littafin bashi. Littafin ɗaya ne, mai riƙe da shi ɗaya ne, kuma kowane kwano sai ya bi ta gabansa. In aka ce kowane inji ya riƙe nasa littafin, mai wayo zai ci bashi a huɗun duka, kowanne yana ganin sau ɗaya ya ba shi. Duk abin da za a faɗa daga nan zuwa ƙarshe yana cikin wannan rumfa, kuma wanda ya riƙe zancen littafin ya riƙe laccar.

Shekaru da dama masu rubuta manhaja sun ci bulus da hanyar farko. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi a cikin kwamfuta, tana ƙara sauri kusan kowace shekara, don haka manhajar da ke jan ƙafa bana za ta yi gudu baɗi ba tare da an taɓa ta ba. Abin ya tsaya a 2004. Pentium 4 ta kamfanin Intel ta kai gigahaz 3.8, kamfanin ya soke shirin fitar da mai gigahaz 4, saboda zafin da take fitarwa da wutar da take ci sun wuce hankali. Daga 2005 Intel da AMD suka koma sanya ƙwaya biyu a furosesa ɗaya, kowace ƙwaya tana aikinta daban. Yau wayar Tecno ko Infinix da ke aljihun ɗalibi tana iya zama mai ƙwaya 8, kuma a 2024 AMD ta fitar da furosesar sabar mai ƙwaya 192.

Sai dai ƙwaya ba ta neman wa kanta aiki. Manhajar da aka rubuta ta yi abu ɗaya bayan ɗaya, ko an ɗora ta a kan mai ƙwaya 192, ɗaya za ta gaji, 191 suna zaune. Wannan ba zancen dā ba ne. Node.js, wadda matasa da yawa ke koyon rubuta manhajar yanar gizo da ita a jami'o'i da cibiyoyin koyon kwamfuta, a kan ƙwaya ɗaya take gudanar da aikin mai rubutu, sai in shi ya kunna kwafi da yawa, ɗaya a kan kowace ƙwaya. Akwai ma'aikatun da suka sayi sabar mai tsada da kuɗin jama'a, aka yanke kyalle aka yi hoto, alhali kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta ma ba a taɓa amfani da shi ba.

Yadda sabar ke karɓar baƙi ma sai da aka sake masa tunani. Manhajar Apache, wadda ta fito a 1995 ta mamaye duniya, tsarinta na asali shi ne kowane baƙo a ware masa ma'aikaci guda a cikin na'ura, ya zauna da shi har ya tashi. In baƙon mai raunin sabis ne, kamar mai waya a ƙauyen Bungudu da hoto ke ɗaukar minti kafin ya sauka, ma'aikacin yana nan zaune yana jira, ya tare wuri. A 1999 wani injiniya, Dan Kegel, ya tayar da tambayar da ta shahara: me zai hana sabar ɗaya ta riƙe mutum 10,000 a lokaci guda? Amsa mafi tasiri ta fito daga Rasha a 2004, da Igor Sysoev ya saki manhajar nginx. Dabararsa ita ce ma'aikata kaɗan, galibi ɗaya a kowace ƙwaya, kowanne yana zagaya dubban baƙi, yana kula wanda ya shirya kawai, ba ya tsayawa jiran kowa.

WhatsApp ta nuna iyakar inda wannan tunani zai kai. A farkon 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya riƙe wayoyi sama da miliyan 2 a kan sabar ɗaya, da harshen manhaja mai suna Erlang, wanda kamfanin Ericsson ya ƙera a 1986 don na'urorin haɗa kiran tarho. Da Facebook ya saye shi a Fabrairun 2014 kan dala biliyan 19, masu amfani da shi sun kai miliyan 450, injiniyoyinsa kuwa 32. Wanda duk ya zo da takardar kwangila yana cewa maganin cunkoso shi ne a ƙaro na'urori, ya kamata a fara tambayarsa ko waɗanda ke ƙasa sun ƙoshi da aiki.

Nan ne kuma littafin bashi yake shigowa. Wani masanin kwamfuta, Gene Amdahl, ya faɗe shi a 1967 da alƙaluma. In kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, dole a yi shi bi da bi, to ƙwaya 8 ba za ta ba da ninki 8 ba, kusan ninki 6 za ta bayar. Ƙwaya 100 za ta ba da ƙasa da ninki 17. Ko an tara miliyan, ba za a wuce ninki 20 ba. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma Amdahl ya gano inda sarautar tasa ta tsaya.

Idan na'ura ɗaya ta ƙure, sai a koma jera na'urori. A gaba akan sa mai rabon layi, manhaja kamar HAProxy ko nginx ɗin nan, tana miƙa kowace buƙata ga sabar da ta fi sauƙin aiki, tana kuma leƙa su lokaci zuwa lokaci, wadda ta daina amsawa a cire ta daga zagaye. Sharaɗin shi ne kada wata sabar ta riƙe sirrin baƙo a cikinta ita kaɗai. Ɗalibar da ta cike rabin fom a sabar ta ɗaya, dannawa ta gaba ta faɗa a ta uku, aka ce mata ta sake shiga daga farko, ta gamu da manhajar da ta karya wannan sharaɗi. Gyaran shi ne a kwashe duk abin tunawa a kai wuri guda da kowace sabar ke iya dubawa. Wannan ɓangare, a gaskiya, shi ne mai sauƙi. Tun da Amazon ya fara ba da hayar sabar ta intanet a 2006, mutum na iya kunna 50 da safe ya kashe 45 da dare, ya biya kuɗin awannin da ya yi amfani da su.

Wurin nan guda da aka tara abin tunawa, rumbun bayanai, shi ne mai wuyar. Abin da ake karantawa kawai, kamar sakamakon jarrabawa da aka riga aka fitar, ana iya yin kwafinsa a wurare da yawa, ko a ajiye amsar da aka fi nema a kusa don kada a dami rumbun. Manhajar Memcached ta 2003 don haka aka yi ta. Kuɗi kuwa ba ya kwafuwa. A ce mutum yana da naira 10,000, ya miƙa kati ga mai POS a Gusau, ƙaninsa kuma a daidai wannan daƙiƙa yana tura 10,000 daga asusun ta waya. Buƙatun biyu sun faɗa sabar daban-daban. In kowacce ta duba kwafinta ta ce akwai kuɗi, banki ya biya 20,000. Saboda haka dole a kulle asusun, ɗaya ta gama kafin ɗaya ta shiga. Transfa tsakanin bankuna biyu ta fi haka tsawo, don sai ta bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar. Rumbu ne nan, rumbu ne can, da mai shiga tsakani. In bankin farko ya cire kuɗi, amsar na biyu ta makale a layi har lokacin jira ya ƙare, babu wanda ya san ko kuɗin sun shiga, sai an zauna an daidaita lissafi. Abin da jama'a ke kira ribasal ke nan, kuma lambar da ke jikin rasit ita ce igiyar da ake bi a gano inda saƙon ya tsaya. Mai jefar da rasit yana jefar da shaidarsa.

Idan rumbu ɗaya ya kasa, akan yanka shi gida-gida: bayanan wannan jiha a nan, na waccan a can. Dabara ce mai kyau, har ranar da aka zo da abin da ba na kowace jiha ba.

Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ya koyar da wannan a bainar jama'a. Hukumar INEC ta fara amfani da shafinta na ɗora sakamako, IReV, a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a Agustan 2020, ya kuma yi aiki a zaɓukan gwamna na Edo da Ondo da Anambra da Ekiti da Osun. Duk waɗannan jiha ɗaya ce a rana ɗaya, rumfuna 'yan dubbai. Babban zaɓe kuwa rumfuna 176,846 ne a rajista, kowacce da takardar sakamako uku, na shugaban ƙasa da na dattawa da na wakilai, fiye da rabin miliyan ke nan, kuma duk a yammaci guda. Takardun 'yan majalisa suka riƙa hawa, na shugaban ƙasa suka ƙi. Washegari hukumar ta ce tangarɗar ta taso ne daga faɗaɗa shafin daga zaɓen jiha zuwa na ƙasa baki ɗaya. A rahoton da ta fitar a 2024 ta ƙara bayani: an tsara ma'ajiyar jiha-jiha, kowane zaɓe yana ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba shi da jiha, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi. Sai wajen ƙarfe 9 na dare takarda ta farko ta hau, lokacin ma'aikata da yawa sun bar rumfuna. 'Yan adawa ba su karɓi wannan bayani ba, kuma siyasar abin ba ta wannan zama ba ce. Abin da ya shafi laccar shi ne, ko a bisa bayanin hukumar kanta, ƙaro sabar 1,000 a daren nan ba zai ɗora takarda ɗaya ba. Kuskuren yana cikin tsari, kuma irinsa gwaji na gaskiya kafin ranar yake kamawa.

Hukumar jarrabawa ta JAMB ta gamu da wani fannin a 2025. Yawan na'urori yana zuwa da nauyin tabbatar da cewa dukansu abu ɗaya suke gudanarwa. An yi wa manhajar jarrabawa gyara, gyaran bai isa wasu sabar ba a shiyyar Legas da ta Owerri. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya nemi gafara, ya ce abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, aka sake musu jarrabawa. Ya cancanci yabo da ya fito ya faɗa, don ba kasafai ake jin haka ba. Na'urorin nan ba su mutu ba. Da sun mutu da an gani nan take. Sun ci gaba da aiki suna ba da sakamakon da ba daidai ba, kuma wannan ya fi mutuwa haɗari. Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa barin mutum ya bi sabar ɗaya bayan ɗaya da hannu. Manhaja ce ke raba gyara, ta ƙirga waɗanda suka karɓa, ta tsayar da wadda ta bambanta. Ko su ɗin ma ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba 2021 umarni guda da aka bayar bisa kuskure ya katse cibiyoyin Facebook daga intanet, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6 a duniya. Yawancin mutanen Tsafe ba su ma san an yi ba, don nasu sabis ɗin yana kashe.

Saura nisa da kuɗi, a taƙaice. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne da ta taso daga Fotugal zuwa Legas a 2010 tsawonta kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa tun ba a lissafa tafiyar Gusau zuwa Legas ba, kuma shafi ɗaya kan yi irin wannan zirga-zirga sau da dama kafin ya buɗe. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan da suka jingina da sabar ƙetare suka ji a jikinsu. Hayar sabar waje kuma da dala ake biya, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Ajiyewa a gida yana da nasa kuɗin: dizal, sanyaya ɗaki, da injiniyan da zai tashi ƙarfe 2 na dare.

Ga ɗaliban da ke nan, waɗanda gobe za a ba wasunsu aikin shafin rajista na wata kwaleji a Tsafe ko Gusau ko Ƙauran Namoda, ra'ayin mai wannan lacca shi ne kada su fara da kwaikwayon Google. Makaranta mai ɗalibai 10,000 ba ta buƙatar sabar 50. Biyu sun isa, a gine-gine daban-daban masu wuta daban, da rumbun bayanai mai kwafin da aka taɓa gwada dawo da shi. Abin da ba a yafewa shi ne gwajin lodi. Akwai manhajoji na kyauta, irin su JMeter, da ke kwaikwayon dubban mutane suna dannawa lokaci guda. A sake su kan shafin mako biyu kafin ranar rajista, a yi ta ƙara yawansu har shafin ya faɗi, a rubuta adadin da ya kayar da shi da ɓangaren da ya fara durƙushewa. Sannan a zare wayar sabar ɗaya da gangan ana tsakiyar gwaji a ga ko ɗayar ta ɗauka. Netflix ta mayar da wannan al'ada, tana da manhaja mai suna Chaos Monkey da ke kashe mata sabar da rana tsaka, lokacin da injiniyoyi suke ofis. In kuma rajistar za ta iya rabuwa, a raba ta: 'yan aji ɗaya Litinin, 'yan aji biyu Talata. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma yana sauke lodi daga kashi 99 zuwa inda na'ura ke numfashi.

Nan za a dakata, a ba iyaye da malamai dama su fara tambaya, sannan ɗalibai.